Basuni da Tsattsewar Surukarsa

In da cika baki jari ne, da tuni Basuni ya saye kogin Nagara har da kifin cikinsa. Ya yi tuƙin jirgin haya ya bari, wai injin ne bai san darajarsa ba. Ya yi kiwon kifi, ambaliya ta zo ta sallami kifin ba sallama. Da ya auri Salasiah sai ya tare a gidan uwarta, yana faɗa wa mutane cewa ya zo ne ya riƙe musu gida tunda babu namiji.

Ita kuwa Salasiah ba mai magana ba ce. Ko sukari ta je saye, sai mai kanti ya karkato da kunne ya ce, "Me kika ce, 'yan mata?" Amma idonta ba ya barci.

Kuma ta san ba Basuni ne ke riƙe da gidan ba, tsattsewa ce. A bayan gidansu akwai dogon gini hawa uku, ba taga ko ɗaya sai 'yar kafa can sama, cikinsa duhu kamar cikin tulu. Nan tsuntsayen ke liƙa sheƙarsu ta yawu a jikin katako, dillalai su zo su saya su kai wa masu dafa miya da ita a birni. A kan rufin akwai lasifika huɗu masu kukan tsattsewa tun asuba don kiran su, a ciki kuma injin feshin ruwa yana riƙe wa wurin laima. Marigayi Abah, uban Salasiah, ya yi shekaru yana kunna wa iska kuka kafin tsuntsuwa ta farko ta yarda ta kwana.

Ran da Uma Jumantan, uwar Salasiah, za ta tafi birnin Samarinda zaman jegon babbar 'yarta, a tafin Salasiah ta danƙa mabuɗin ginin.

"Ba a kashe kuka, ba a kashe feshi, ba a barin haske ya shiga," in ji ta. "Tsattsewa in ta yi yaji ba a bikonta. Kuma kada ki ba wancan."

Wancan ɗin yana tsaye bakin ruwa da jakarta a kafaɗa, yana koya wa mai jirgi yadda ake tuƙi.

Ba a daɗe ba dagaci ya tara mutane, wai gwamnati ta aiko da saƙo a kan wutar lantarki. Basuni ya je ya zauna a sahun gaba. Ana raba kwalin ƙwalama ya karɓi biyu, ya taso tun ba a kai rabin bayani ba.

"Ading!" Haka yake kiran matarsa. "Fito ki kalli mijinki tun kafin a fara neman izinin ganinsa!"

Salasiah ta fito da wuƙar gyaran kifi a hannu.

"Gwamnati ta ce duk ginin sana'ar da ya rage shan wuta, ita za ta biya masa rabin kuɗin sababbin injuna. Wanda ya fi kowa ragewa kuwa, faifan sola kyauta, ga koren allo mai taurari a manna masa a bango, a ɗauke shi hoto!"

"To," in ji Salasiah.

"To kawai? Kin san Haji Darmawi, maƙwabcinmu, me ya ce zai yi? Zai sauya injin feshinsa da ƙarami, ya rage kwata. Kwata! Mutum da farar hularsa ya tsaya a kwata. In kwata tana kawo allo, wanda ya rage duka fa? Ai gwamna ne da kansa zai shigo jirgi."

"Yaya, Uma ta ce..."

"Uma ta faɗi na zamanin Uma. Kawo mabuɗi."

Ba ta ba shi ba. Ta tura shi can ƙasan tulun shinkafa ta zauna a kai. Sai dai akwai abin da Uma ta manta: mitar wutar ginin a waje take. Da safe Basuni ya je ya zare fis, ya ƙulle shi a bakin zanen da yake ɗaurawa, ya tafi rumfar shayi yana fito.

Gidan ya yi tsit. Salasiah ta ji shirun har cikin haƙoranta. Tsallaken rafi kuwa lasifikan Haji Darmawi suna ta kuka abinsu.

Ta bi bayan mijin da niyyar sayen burodi, ta tsaya gefen rumfa tana ji.

"Basuni, lafiya?" in ji Haji Darmawi. "Na ji gidanku shiru. Ko an yi rasuwa?"

"An yi, Haji. Jahilci ne ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Na ga dai ya bar magaji."

Aka kwashe da dariya. Basuni ya yi tare da su, don a zatonsa da Haji ake.

Da yamma tsuntsaye suka dawo daga kiwo, suka yi ta kewaya rufin kamar baƙin da suka iske an sauya wa gida ƙofa. Wasu suka shiga. Wasu suka karkata suka bi kukan tsallake.

"Yaya, sun ragu," in ji Salasiah.

"Kuka suke so? Ai sai su faɗa. Ni da aka haifa da maƙogwaro za a sayo wa kuka da kuɗi?"

Washegari ya naɗe guntun kwano ya yi ƙaho da shi, ya jingina tsani ya hau rufi. Ya gyara zama, ya cika ƙirji, ya sa baki. Shi a ransa "cirit-cirit" yake cewa. Abin da ya fito daga ƙahon kuwa, ko Salasiah da ke ƙaunarsa ba za ta rantse ba.

Tsattsewa ba ta waiwayo ba. Amma can cikin rafi wani abu ya motsa. Agwagin Acil Masniah ne, bazawarar da ke kiwo a gangare, suka ɗago kai gaba ɗaya kamar an kira sunansu. Ashe da irin wannan kukan take kiran su cin dusa. Suka yanko ruwa sahu-sahu, suka hayo tudu, suka kewaye ginin suna kallon sama suna jiran abinci.

"Kin gani?" Basuni ya leƙo yana murna. "Tsuntsu tsuntsu ne. An fara da manya, ƙananan suna tafe."

Kullum ya hau, kullum su zo. Da suka ga wurin da inuwa sai suka fara ƙwai a gindin ginin. Acil Masniah ta iso da sandar kora, zane a ɗamare.

"Kai Basuni! Sauko in ga idonka! Wane asiri ka yi wa agwagina?"

"Baiwa ce, Acil, ba asiri ba."

"Baiwar uwaka! Ƙwaina fa?"

"Abin da aka haifa a ƙasar mutum..."

"Ƙasarka? Kai da ko takalmin ƙafarka na surukinka marigayi ne?"

Tun daga ranar Salasiah ta ƙara wa kanta aiki. Da sassafe ta tsince ƙwan a kwando, ta kai ƙofar Acil ta ajiye, ta juyo da sauri kada a ce sai ta yi magana.

Da aka kashe feshi ginin ya bushe. Basuni ya ce wannan ƙaramin aiki ne. Ya riƙa hawa da bokiti yana kwarara ruwa ta kafar da tsuntsayen ke shiga, daidai lokacin da suke fitowa. Suka fito a jiƙe suna layi a iska, suka nufi gidan Haji shanya.

Sannan ya zo ya buɗe akwatin na'urar kukan da ke baranda, ya zare 'yar memorin ciki.

"Ina za ka kai ta, Yaya?"

"Wayata ta cika, kuma jawabin da zan yi wa gwamna yana son gwaji. Tunda ba ta aiki ai gara ta yi wa ƙasa hidima."

Ya riƙa shiga banɗakin bakin ruwa da waya, ya rufe ƙofa, a ji shi yana ta gyaran murya.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne ranar da ya ji a rumfar shayi cewa jami'ai suna son ginin da ke amfani da hasken rana a maimakon ƙwan fitila. Ginin nan tun da aka gina shi bai taɓa sanin ƙwan fitila ba. Amma Basuni ya ce in baƙi suka zo sai an kunna musu tocila, batir ma kuwa wuta ce. Ya hau da almakashin kwano ya yanke rufi, ya kafa firam na katako, ya shimfiɗa farar roba mai kama da gilashi.

Da yammar nan Salasiah ta tono mabuɗi daga cikin shinkafa. Ta buɗe ƙofar ginin, ta hau matakala a hankali. A hawa na sama ta iske haske tsaye kamar ginshiƙi, ƙura tana yawo a cikinsa. Sheƙu na nan jere a katako, fari-fari, ba kowa a ciki. Ko warin wurin ya fara sauyawa. Ta daɗe tsaye, tana tuna Abah da kunnensa a jikin bango yana sauraren fiffike.

Ta sauko ta kira Samarinda a waya.

"Uma," ta ce. Daga nan ba ta iya ƙara ko harafi ba.

Uma ta kasa kunne. "Me ya sa ban jin kuka a bayanki?" Ba ta jira amsa ba. "To. Ina tafe."

Salasiah ta je ta miƙa wa mijinta hannu. "Memorin Uma."

"Ga ta, na gama da ita."

"Kukan yana ciki?"

"Daram. Ina zai je?"

Ta mayar da ita cikin na'ura ta rufe akwati.

Ranar da jami'ai za su zo, Basuni ya sa rigar batik mai zane-zane ta aurensu da wando mai kari, ya shafe kai da mai. Zanen ɗaurawar ya bari a kan igiya. Salasiah ta kwance ƙullin bakinsa, fis ya faɗo a tafinta. Ta damƙe shi, ba ta san ma me za ta yi da shi ba.

Bayan la'asar suka iso. Ba gwamna, sai wata jami'a, Bu Wahdah, mai farin takalmi, tare da dagaci. Sun fara da gidan Haji Darmawi, rabin gari na biye da su. Basuni ya tarbe su a gaban mita, hannu a ƙirji.

"Ranki ya daɗe, duba da idonki. Tun da na karɓi ragamar ginin nan, mitar nan ko tari ba ta yi ba."

Bu Wahdah ta duba. Ta sake dubawa. "Ta lalace ne?"

"Hutu na ba ta."

"To da me ake aikin?"

"Da basira."

"Malam Basuni, tallafin nan na wanda yake yin aikinsa yadda ya saba ne, amma da wuta kaɗan. Ba a faɗa muku a taro ba?"

"An faɗa," in ji dagaci. "Bayan an raba kwali."

"In dai rashin shan wuta ne kawai," in ji Haji Darmawi, "ai maƙabarta ce za ta ci allon."

"Akwai tsuntsaye a ciki kuwa?" Bu Wahdah ta tambaya.

"Akwai!" in ji Haji. "Suna gidana, suna gaishe shi."

Basuni ya ji dariyar ta yi yawa. "Kiwo suka tafi! Ku tsaya ku ga yadda ake kiran tsuntsu ba da ko ɗigon wuta ba."

"Yaya..." in ji Salasiah. Ba wanda ya ji.

Ya suri ƙahonsa ya haye tsani. Ya tsaya a kan rufi, ya buɗe ƙafafu, ya saki kukan da bai taɓa yin irinsa ba, don yau akwai baƙi.

Rafi ya amsa. Agwagin Acil Masniah suka taso kaf, har da na maƙwabtanta da suka ji labari. Suka hayo da taɓo a ƙirji, suka kutsa cikin taro ta tsakanin ƙafafu. Dagaci ya ja baya ya zauna cikin kwando. Farin takalmin Bu Wahdah ya koma kalar rafi. Acil ta biyo su da sanda tana zagin Basuni har kakansa na bakwai. Cikin turmutsitsin wani ya bangaji tsani, ya tafi luu ya kwanta a cikin ruwa.

"Ku kwantar da hankalinku!" Basuni ya yi ihu daga sama. "Duk cikin tsari ne!"

Ya ja da baya don ya ƙara cika ƙirji. Ƙafarsa ta sauka kan farar robar. Aka ji ƙarar fashewa, mutum ya nutse. Ƙafafu suka wuce, ƙugu ya wuce, tumbi ya ce shi kam nan ya tsaya. Sai ga rabin Basuni a kan rufi, da rigar batik da ƙaho a hannu, sauran rabin yana lilo a cikin gini.

Daidai nan jirgin yamma ya tsaya a bakin gada. Uma Jumantan ta fito da jakarta. Ta dubi agwagi. Ta dubi jami'a. Ta ɗaga kai ta dubi rabin surukinta.

"Sannu da zuwa, Uma!" in ji shi. "Kin iske mu muna cikin aiki."

Uma ta juya ga 'yarta. "Salasiah, kunna kuka."

Salasiah ta ruga ta cusa fis a mita. Injin feshi ya yi tari ya tashi. Lasifika huɗu suka yi ƙara, sannan murya ta cika gari har tsallaken kogi:

"Gwaji, gwaji. Mai girma gwamna, manyan baƙi, da ƙananan baƙi irin su Haji Darmawi..."

Taro ya yi tsit. Har agwagi suka saurara.

"Ni Basuni, ba don ni ba da har yanzu garin nan yana cikin duhu. A'a, cikin haske. Kai, wanne ne ma mai kyau? Bari in sake."

"Ading, kashe!" in ji Basunin kan rufi.

"Game da surukata kuwa," in ji Basunin cikin lasifika, "mace ce ta gari, sai dai kanta ya tsaya tun zamanin fitilar kananzir. Da za a haɗa bakinta da mita, gidan nan ba zai iya biyan kuɗin wuta ba."

"Kashe, don girman Allah!"

"Bar shi ya gama," in ji Uma. "Ba a taɓa yabona da lasifika ba."

"He-he, ba komai mai girma, baiwa ce. A'a, dariyar ta yi yawa. He-he. Yawwa, wannan ta fi kama da ta manya."

Nan fa gari ya ɓarke. Acil Masniah ta yar da sanda ta riƙe ciki. Bu Wahdah ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Haji Darmawi ya zauna a ƙasa yana share hawaye da farar hularsa.

Salasiah kaɗai ba ta yi dariya ba. Sama take kallo. Rana ta yi ja, kuma can saman kogi baƙaƙen ɗigo sun fara tahowa gida. Kukan Abah ya tafi, mijinta ya goge shi ya zuba nasa. Ta kashe na'urar. Ta ratsa taron da kanta a ƙasa, har ta tsaya gaban Haji Darmawi.

"Haji," ta ce. "Ka ara mana kukanka. Kuma ka kashe naka. Yau kaɗai."

Mutane suka dubi juna. Akwai waɗanda ba su taɓa jin muryarta ba sai ranar.

"'Yata, tsuntsu ba shi da takardar haihuwa," in ji Haji yana murmushi. "Wanda ya kwana gidana ai nawa ne."

"Ran da ka gama gininka, Abah ne ya kwafa maka kuka. Ina tsaye."

Haji ya daina murmushi. Ya mayar da hularsa kai, ya miƙe ya tsallaka gada. Jim kaɗan lasifikan tsallake suka yi shiru. Ya dawo da memori a tafin hannu.

Kuka ya tashi daga rufin Uma, siriri, mai kaifi, irin na da. Samari suka ciro tsani daga ruwa za su jingina.

"Ku ajiye," in ji Uma, wadda ta riga ta shiga ginin ta fito. "Ya toshe inda ya yanke rufin ruf, ko zaren haske ba ya shiga. Kafinta ma ba zai yi haka ba."

"Uma, magariba fa ta kusa!"

"Lokacinta da faɗi."

Bu Wahdah ta matso kusa da Salasiah tana kaɗe taɓo. "In sun dawo, ki zo ofis a yi maganar ƙaramin inji. Ke kaɗai."

Tsuntsaye suka iso. Suka nufi gidan Haji, suka iske shiru, suka kewaya, suka karkato. Garke guda ya fara zagaya rufin Uma, yana saukowa kaɗan-kaɗan. Ta gaba ta kusa kaiwa bakin kafar shiga.

"Jama'a ku shaida!" Basuni ya ɗaga ƙaho. "Da jikina na..."

Garken ya watse sama.

"Yaya! Yi mana shiru!"

Muryar ta doki bango ta tsallaka rafi. Sai da kowa ya waiwaya neman mai ita, kafin a gane Salasiah ce, ita kanta ta rufe baki da hannu. Basuni ya saki ƙaho, ya gangara ya faɗa ruwa. Ba wanda ya sake motsi.

Tsuntsayen suka dawo zagaye. Ɗaya ta naɗe fiffike ta faɗa kafar. Wata ta bi ta, sai wata. Ba duka ba, don da yawa sun koma tsallake inda suka riga suka saba, amma waɗanda suka shiga sun isa a ce gida da masu shi. Uma ta sauke numfashi, ta ɗora hannu a kafaɗar 'yarta.

Can sai ga wata 'yar murya daga sama, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a san Basuni da ita ba.

"Ading."

"Na'am."

"Akwai wadda ta maƙale a wandona."

"Kada ka motsa."

"In ta yi sheƙa fa?"

Salasiah ta ɗaga kai ta dube shi da tausayi.

"Sai haƙuri, Yaya. A gidan nan ba a taɓa sheƙa sai 'ya'yan sun tashi."